Littafin aikin shirin daren Alhamis: yadda rikicin Bawku ke shigowa Zangon Kumasi ta waya

16 ga Janairu, 2025

Yau muka fara. Awa ɗaya muka samu a wata tashar FM da ke nan Kumasi, daga tara zuwa goma na dare, kowace Alhamis. Kuɗin lokacin daga aljihun wasu 'yan kasuwar Alabar da Aboabo ya fito, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunansu ba, su ma ba za su sa mana baki ba. Mu kaɗan ne: ni mai riƙe da makirufo, da Malama, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya kuma ita ke tattara saƙonni, da wani ƙanenmu mai kula da mikisa da layin waya, sai Baba Direba, dattijon da ya tsufa a kan hanyar Kumasi zuwa arewa yana ɗaukar albasa da dabbobi.

Tsakanin Kumasi da Bawku, garin da ke arewa maso gabashin Ghana, ya haura kilomita 600, amma idan bindiga ta tashi a can da la'asar, kafin magariba saƙon murya ya zagaye Asawase, Sabon Zango da Akwatia Line. A gidan haya guda za ka tarar da Bakusashe, da Bamamprushe, da Busanga, da Moshi, da Dagomba, da Bahaushe, famfonsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, kuma da Hausa suke gaisawa. Shi ya sa muka zaɓi Hausa: ba harshen ɗaya daga cikin masu rikicin ba ne, kuma kowa a zango yana ji.

Mun daɗe muna gardama kan yadda za mu ba da tarihin rikicin a iska, domin a Bawku shekarar da ka fara ƙirga tarihi daga ita ma tana nuna ɓangarenka. Abin da muka tsayar shi ne mu tsaya a kan abin da ke rubuce. Rikicin sarauta ne tsakanin Kusasawa da Mamprusawa, tun wajen lokacin samun 'yancin kai a 1957. Wanda gwamnati ta amince da shi a matsayin Bawku Naba, wato sarkin Bawku, shi ne Asigri Abugrago Azoka na Biyu, na ɓangaren Kusasawa. Wutar ta sake tashi a Nuwamba 2021. A Fabrairu 2023 Nayiri, sarkin Mamprusawa da ke Nalerigu, ya naɗa Alhaji Seidu Abagre a kan sarautar Bawkun, kuma komawarsa Bawku a Oktoba 2024 ta zo da sabon tashin hankali. Iyakarmu ke nan. Wa ya riga wa zuwa ƙasar, ba mu ne za mu yanke ba.

20 ga Fabrairu

Manajan tashar ya kira ni kafin shiri, fuskarsa ba walwala. A wannan makon hukumar sadarwa ta ƙasa ta sake rufe Gumah FM ta Bawku saboda dalilan tsaro. Bara ma, a Fabrairu 2024, tashoshi huɗu aka rufe a garin lokaci guda: Bawku FM, Source FM, Zahra FM da ita Gumah ɗin. Ya ce: "Malam, lasisin nan shi ne abincin ma'aikatana. Mai kira ɗaya ya isa ya ja mana."

Gaskiyarsa ce. Ba mu da na'urar jinkirta sauti, wadda ke riƙe maganar mai kira na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta fita, har a samu damar yanke ta. Duk abin da aka faɗa ya tafi ke nan. Ga kuma doka: sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya hana yaɗa labarin ƙarya mai jefa jama'a cikin firgici, sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 ma ya taɓo wannan. An soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna tun 2001, amma waɗannan biyun suna nan daram.

Dabarar da muka fito da ita ta talaka ce. Ba mai shiga iska kai tsaye. Ƙanenmu zai ɗauki kiran, ya ji abin da mutum ke son faɗa, ya rubuta unguwarsa, sannan mu ne za mu sake kiransa. Mai zafin kai yakan huce a tsakanin kiran farko da na biyu, wani kuma ba ya ma ɗauka.

Ra'ayina kan rufe tashoshi bai canza ba. Duk wanda ya san abin da rediyon RTLM ya yi na ingiza kisan kiyashi a Ruwanda a 1994 ba zai ce makirufo abin wasa ba ne. Amma idan aka kashe tasha, mai sauraro ba ya daina neman labari. Komawa yake zaurukan WhatsApp, inda babu manaja, babu lasisi, babu wanda za a kira a tuhuma.

13 ga Maris

Azumi ya sa mun matsa zuwa bayan tarawihi. Mun gayyaci wani limami daga Sawaba ya yi bayani kan aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta umarci muminai su bincika labari kafin su afka wa mutane cikin jahilci. Ya kawo wani abu da ya zauna min: mai tura saƙo yakan ce "ni dai yadda na samu na tura", alhali wannan uzurin shi ne ainihin abin da ayar ta rufe ƙofarsa.

A makon nan muka kama bidiyon ƙarya na farko da hujja a hannu. Wata babbar mota ce tana ci da wuta, an ɗora murya da Hausa ana cewa a hanyar Walewale ne, jiya-jiya, kuma an ambaci ƙabilar da wai ta yi. Abin da ya sa ya karɓu shi ne an sha kai hari a hanyar Bolgatanga zuwa Tamale da gaske, har aka sa dokar hana fita a Walewale a watan jiya. Ƙanenmu ya tsayar da bidiyon, ya ɗauki hoton allo ya sa a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sai ga shi ya fito a wani tsohon labari na wata ƙasa dabam. Amma Baba Direba ya riga Google. Kallo ɗaya ya yi ya ce: "Ɗana, dubi ciyawar nan kore shar. A watan Maris? A Walewale? Yanzu can ko akuya ba ta samun abin tsinka." Ya ƙara da cewa lambar motar ba irin tamu ba ce, motar haya a Ghana lambarta rawaya ce.

Haka muka faɗa a iska, da ciyawar da lambar. Na lura mutane sun fi riƙe irin wannan hujjar da kowa zai iya dubawa da idonsa a kan a ce musu kwamfuta ta ce.

1 ga Mayu

Afrilu ya yi zafi a Bawku, an yi arangama tsakanin matasa da 'yan sanda, an ƙona dukiya. A ƙarshen watan kuma Otumfuo Osei Tutu na Biyu, sarkin Ashanti, ya koma kan sulhu a fadarsa ta Manhyia, nan kusa da mu, tafiyar ƙafa ce daga Alabar. Zaman na sirri ne, kuma duk inda aka rufe ƙofa, masu "wani na ciki ya gaya min" sun samu kasuwa. A kwana biyu mun ji saƙon murya mai cewa an ba wannan ɓangaren gaskiya, da wani mai cewa an ba wancan, kowanne da rantsuwa.

Ba mu sa ko ɗaya a iska ba, ba mu kuma maimaita abin da suka ƙunsa ba. Cewa kawai muka yi fada ba ta sanar da wani hukunci ba, duk wanda ya ce ta sanar a tambaye shi takardar. Sauran lokacin muka ba tarihin Dagbon: an kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, sarkin Dagomba, a Yendi a Maris 2002, kwamitin manyan sarakuna uku da Otumfuo ya jagoranta, tare da Nayiri da Yagbonwura sarkin Gonja, ya yi ta fama, ba a naɗa sabon Ya-Na ba sai Janairu 2019. Shekara goma sha bakwai ke nan. Wanda ke jiran a gama na Bawku cikin kwana huɗu ya sassauta wa kansa.

19 ga Yuni

Babu wani babban abu, sai aikin ƙasa. Yanzu muna da mutanen da muke kira kunnuwanmu: wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa a Aboabo, masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, su biyu, wani mai shayi a tashar motocin arewa, da samarin wasu majalisun ataya. Ba rahoto suke kawowa ba, abin da ke yawo suke turo wa Malama, ita kuma ta rubuta a littafi: yaushe ya zo, da wane harshe, ta hannu nawa ya biyo. Daga littafin nan muka gane cewa yawancin saƙonnin ba da Hausa ake fara su ba. Da Kusasanci ko Mamprusanci suke fitowa, wani ya juya su zuwa Hausa, kuma a wurin juyawar ake ƙara gishiri: mutum biyu su zama ashirin, "ana zargi" ya faɗi a hanya.

Akwai masu binciken gaskiyar labari a ƙasar nan, irin su Dubawa, GhanaFact, da Fact-Check Ghana na gidauniyar kafafen yaɗa labarai ta Afirka ta Yamma da ke Accra. Muna karanta aikinsu, yana da kyau. Sai dai galibi da Turanci suke rubutawa a intanet, Hajiyarmu ta Aboabo kuwa da kunne take karɓar duniya. Saƙon murya na minti uku ba ya shiga na'urar bincike, sai mutum ya zauna ya saurara.

Wani abin da ya cika wayoyin samari shi ne bidiyoyin Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso, da yawansu haɗin ƙirƙirarriyar basira ne, da muryar da ba tasa ba da gine-ginen da ba a Wagadugu suke ba. Da muka taɓa maganar, sai aka yi mana ca, wai Faransa ce ta biya mu. Malama ta ce da Faransa na biyanmu da tuni mun sayi na'urar jinkirta sauti.

24 ga Yuli

Abin da muke tsoro ya iso gida. A daren Talata, 22 ga wata, 'yan bindiga a kan babur suka harbe sarkin Kusasawan yankin Ashanti a gidansa da ke Asawase. Allah Ya jiƙansa.

Duk dabarun da muka koya tun Janairu na kama ƙarya ne, wannan kuwa ba ƙarya ba ce. An kashe mutum, unguwa ta ji ƙarar harbin, mutane sun ga gawa. Abin da ya biyo baya ne masifar: kafin asuba saƙonni sun riga sun faɗi ƙabilar da ta yi, wasu sun ambaci gidaje, wani ma ya zayyana shagunan da ya ce a daina saye a cikinsu. Labarin gaskiya ne aka ɗaura masa wutsiya, kuma mai ji ba ya iya raba su, domin ya tabbatar da rabin farko da idonsa.

Mun zauna tun azahar muna jayayya. Ƙanenmu ya ce mu fasa shirin mu sa karatun Alƙur'ani. Malama ta ce idan muka yi shiru a daren da aka fi bukatarmu, to mu rufe littafin gaba ɗaya. Ita muka bi. Mun rufe layin waya, karo na farko tun da muka fara. Na karanta abin da aka tabbatar: wanda aka kashe, wuri, lokaci, da cewa 'yan sanda na bincike. Sannan na faɗa a fili cewa har zuwa wannan daren hukuma ba ta bayyana wanda ya aikata ba, kuma duk mai kiran sunan wata ƙabila ko wani gida, idan yana da shaida ofishin 'yan sanda zai kai ta, ba zauren WhatsApp ba. Na maimaita wannan har ya gundure ni. Muka rufe da ta'aziyya daga wani dattijon Bahaushe da wani dattijon Dagomba, waɗanda suka yarda su zo da ƙafarsu.

Wasu sun ji haushi. Wani ya tare ni a ƙofar tasha ya ce: "Malam, kowa ya san su waye, kai kaɗai ke wani noƙe-noƙe." Na ce masa: "Yaya, ko da zarginka ya zama gaskiya, mutum biyu ne a kan babur. Maƙwabcinka mai sayar da gawayi yana cikinsu?" Bai amsa ba, bai kuma gamsu ba. Ba na jin awa ɗaya a mako na sauya zuciyar wanda aka kashe wa shugaba. Burina ya fi haka ƙanƙanta: wanda bai riga ya yanke hukunci ba ya samu wurin da zai ji cewa ba a sani ba tukuna, kuma faɗin haka ba cin amanar kowa ba ne.

31 ga Yuli

Mako mafi muni. An harbe ɗalibi a makarantar sakandaren Bawku, an harbe biyu a ta Nalerigu. Gwamnati ta ce ta tashi daga kiyaye zaman lafiya zuwa tilasta shi, ta ƙara sojoji, ta sa dokar hana fita daga biyu na rana zuwa shida na safe. A nan Kumasi kwamitin tsaro na yanki ya hana hawa babur bayan bakwai na dare. Mu kanmu sai da muka nemi tasi don komawa gida bayan shiri.

Mun buɗe layi amma ga iyaye kawai, masu 'ya'ya a makarantun arewa. Tambayoyinsu ba na siyasa ba ne: an kwashe yaran? Ta wace hanya? Motocin Bolga na tashi? Baba Direba ya kira abokan aikinsa a tasha muka amsa abin da muka iya. Ina ganin wannan ne shirin da ya fi amfani tun da muka fara, ga shi ba mu ƙaryata komai a cikinsa ba. Uwar da ta san inda ɗanta yake ba ta da lokacin tura saƙon ramuwa.

Mai kira ɗaya ya wuce tacewar ƙanenmu. Ya fara da Hausa lami lafiya, sai ya juya zuwa harshensu. Baba Direba, da yake yana jin harsunan can, ya ɗaga hannu, aka yanke. Daga yau ba za mu buɗe layi ba sai yana zaune a situdiyo, kuma muna neman mace ko namiji na biyu mai jin Kusasanci da Mamprusanci, don dattijon ba kullum yake da lafiya ba.

7 ga Agusta

Jiya jirgin sama mai saukar ungulu na soja ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom a hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Kafin dare an fara: wai harbo shi aka yi, wai masu haƙar zinariya ne, wani ma ya ɗaura abin a kan Bawku. Mun faɗi sunayen da gwamnati ta sanar, muka roƙi mutane su daina tura hotunan gawarwaki, muka yi addu'a. Sauran sai bincike ya fito.

4 ga Satumba

Sabuwar wuta a Gbiniyiri, gundumar Sawla-Tuna-Kalba ta yankin Savannah. Rikicin fili ne ya tashi a ƙarshen Agusta, an rasa rayuka, dubbai sun gudu, wasu sun haye Kwaddibuwa. Ba shi da alaƙa da Bawku, amma tsofaffin bidiyoyin Bawku ne aka sake ɗora wa sabuwar murya. Littafin Malama ya yi rana: ta buɗe shafin Afrilu ta nuna mana guda biyu da muka riga muka gani.

Akwai abin da nake so mu fuskanta kafin shekara ta ƙare, kuma na san ba zai yi wa masu sauraronmu daɗi ba. Mutumin da zai yi fushi idan aka yi wa ƙabilarsa kuɗin goro, shi ne kuma zai ce "Fulani ne" duk lokacin da aka tare hanya ko aka sace shanu, ba tare da ya ga kowa ba. Tun rikicin makiyaya da manoma a Agogo wannan ya zama ruwan dare, har a bakin wasu masu gabatar da shirye-shirye. Zango ma ya san ɗacin abin, domin bayan rikicin maƙabartar Old Tafo a 2016 an daɗe ana kiran duk wani ɗan zango ɗan tarzoma. Malama na neman wani ardo da wani manomi da za su yarda su zauna a situdiyo ɗaya. Ardon ya ce sai ya yi shawara da mutanensa.

Kuɗin lokaci ya kai mu ƙarshen Oktoba. Ɗaya daga cikin masu taimakon ya janye bayan shirin 24 ga Yuli, bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Masu lasifikar sanarwa na unguwanni biyu sun yarda su riƙa sa taƙaitaccen shirin na minti biyar da safiyar Juma'a, ƙanenmu zai yanka ya kai musu a waya. Wani mai gyaran kayan rediyo a Adum ya ce zai iya haɗa mana jinkirin sauti ta kwamfuta idan muka samo tsohuwar laftof mai ɗan ƙarfi, don haka ranar Asabar zan leƙa kasuwar Kejetia in ji farashi.